Idan An Sare Daji, Wane Kwaɗo Ne Ke Saura?

  

Zan fara da sakamakon wani bincike da ya fito daga ƙasar Gana. A shekarar 2009 wani ɗan ƙasar mai suna Gilbert Adum da abokan aikinsa suka shiga dazuzzuka uku a kudu maso yammacin Gana, suka shata filaye 48, kowanne hekta biyu, suka ƙirga kwaɗin da ke ciki. Wasu filayen suna cikin dajin da masu katako ba su shiga ba, wasu kuma a inda suka fita ba da jimawa ba. Da aka tattara lissafi, sai ga shi wurin da aka sare bishiyoyi ya fi dajin da ba a taɓa ba yawan nau'o'in kwaɗi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Da a nan rahoton ya tsaya, da kamfanin katako ya sa an yi masa firam ya rataye a ofis. Lambar gaskiya ce, ba wanda ya yi coge. Amma duk wanda ya ɗauke ta ya yanke hukunci cewa sarar daji alheri ce ga kwaɗi, ya yi kuskure babba. Abin da nake so mu tattauna a yau ke nan: yadda sauya amfanin ƙasa, daga kurmi zuwa wurin yankan katako ko gonar koko, yake sauya rayuwar waɗannan halittu, da yadda irin ma'aunin da muka ɗauka yake iya nuna mana ɓarnar ko ya ɓoye ta. Zan fi tsayawa a kurmin Afirka ta Yamma, domin a can aka yi aikin da ya fi fito da batun fili.

Me ya sa kwaɗo?

Dangin kwaɗi gida uku ne. Akwai kwaɗin da muka sani, su ne kusan tara cikin goma na dangin. Akwai masu wutsiya da ƙafa huɗu, waɗanda babu su a Afirka kudu da Sahara. Akwai kuma marasa ƙafa da ke rayuwa cikin ƙasa mai danshi, wanda bai sani ba sai ya ɗauka tana ce, kuma ana samun su a kurmin yankinmu.

Abin da ya haɗa su shi ne fata. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, kuma wani kaso na numfashinsa ta fata yake yi. Fatar da ke barin ruwa ya shiga ita ce ke barin shi ya fita, ita ce kuma ke barin maganin feshi ya ratsa. Ƙwansa ba shi da ɓawo, idan rana ta same shi ya bushe. Jikinsa ba ya riƙe ɗumin kansa, zafin wurin da yake shi ne zafinsa. Sannan yawancinsu gida biyu suke buƙata: ruwa inda 'ya'yansu masu wutsiya za su girma, da tudu inda manya za su yi kiwo. A ɓata ɗaya daga ciki, ko a datse hanyar da ke tsakaninsu, an gama da su. Tsuntsu in wuri ya lalace sai ya tashi. Ƙaramin kwaɗon da ke cikin ganyen ƙasa ba shi da wannan gatan.

Shi ya sa alƙaluman duniya suka yi muni. Babbar ƙididdigar da aka wallafa a mujallar Nature a 2023 ta duba nau'o'i 8,011, ta samu 2,873 daga ciki, wato kashi 40.7 cikin ɗari na waɗanda ake da isasshen bayani a kansu, suna fuskantar barazanar ƙarewa. A cikin dabbobi masu shayarwa adadin ya ɗan haura kashi 26 ne, a tsuntsaye kuwa kusan kashi 13. Da aka bi sawun musabbabi, noma ya shafi kashi 77 na nau'o'in da ke cikin haɗari, yankan katako da ɗibar tsirrai kashi 53, gine-gine da hanyoyi kashi 40. Cuta da sauyin yanayi suna da nasu kason, amma hannun ɗan Adam a kan ƙasa shi ne kan gaba.

Dajin Tai da abin da ya kewaye shi

A kudu maso yammacin Kwaddibuwa, tsakanin kogin Cavally da kogin Sassandra, kusa da iyakar Laberiya, akwai Gandun Dajin Tai. An kafa shi a 1972, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 1982, girmansa ya haura murabba'in kilomita 5,000. Shi ne yanki mafi girma da ya rage na tsohon kurmin wannan shiyya. Abin da ke kewaye da shi kuwa ya tafi. Kwaddibuwa ce kan gaba a duniya wajen noman koko, kuma a kan gurbin daji aka dasa mafi yawansa. Dajin ƙasar da ya kai kimanin hekta miliyan 7.8 a 1990 ya koma miliyan 3.4 a 2015.

Tai ya dace da bincike saboda dalilai biyu. Na farko, a cikinsa akwai tsohon daji da kuma sassan da aka yanki katako tun wajajen shekarun 1970 aka bari suka sake tsirowa, ga su kusa da juna, ruwan sama ɗaya, ƙasa ɗaya. Na biyu, cutar fatar nan da wani fangas ke haddasawa, wadda ta hallaka kwaɗi a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya, binciken da aka wallafa a 2013 bai same ta a dazuzzukan da ke yamma da Benin ba. Saboda haka in an ga sauyi a kwaɗin Tai, da wuya a ɗora wa cuta laifin.

To me sarar daji take yi a zahiri? Ba sai an share wuri ƙarƙaf ba. A tsohon kurmi rassan manyan bishiyoyi sun haɗe a sama, hasken da ke isowa ƙasa kaɗan ne, ganyen da ya zube yana jiƙe ko da tsakar rana. Idan aka kayar da babbar bishiya guda, takan tafi da na kusa da ita, sannan a buɗe hanyar da za a ja gungumen. Rana ta samu ƙofa. Ganyen ƙasa ya bushe, zafin rana da sanyin dare su yi nisa da juna, ƙananan kududdufai su ƙafe kafin 'ya'yan kwaɗi su fitar da ƙafa, laka ta gangara ta cike ƙoramu. A ɗaya gefen kuma, sawun tayar manyan motoci yakan tara ruwa a fili cikin rana, irin ruwan da kwaɗin sarari ke so. Ta wannan hanyar ce burduddugi, wanda muka sani a fadamunmu, da kwaɗon nan mai kaushin fata da ke zama ƙarƙashin fitilar ƙofar gida, suke bin hanyar masu katako su kutsa cikin kurmi. Su da ire-irensu ne suka kumbura lambar da aka samu a Gana.

Yadda ake ƙirga su

Kafin mu kai ga lissafi, bari mu ga aikin da idonmu. Wasu masana biyu daga Jamus, Mark-Oliver Rödel da Raffael Ernst, sun tsara wata hanya a Tai a ƙarshen shekarun 1990 wadda daga baya aka yi ta amfani da ita a wasu ƙasashe. Ana shata layi mai kusurwa huɗu, tsawo mita 200, faɗi mita 100, zagayensa mita 600. Ana raba shi gida-gida, kowane mita 25 a ɗaura ƙyalle mai launi a reshe. Mai bincike yakan bi layin da rana, ya sake bi da dare.

Ku ɗauka dare ne. Yana sanye da takalmin roba, tocila ɗaure a goshi, littafi a hannu. Tafiyar hawainiya yake yi, kimanin mita 20 a minti ɗaya, kuma ba a yarda ya ƙara sauri a inda babu komai ko ya daɗe a inda ya ga ana samu ba. Idonsa na kan mita ɗaya a dama, mita ɗaya a hagu. Wani abu ya yi tsalle daga ƙarƙashin ganye, launinsa launin ganyen, tsawonsa bai fi santimita biyu ba. Ya damƙe shi da tafin hannu, ya juya shi ya duba cikinsa da maƙogwaronsa da fatar tsakanin yatsunsa, ya auna, ya rubuta nau'i da jinsi da lambar gidan da ya same shi, ya mayar da shi inda ya ɗauka. Kunnensa kuma yana wani aikin daban. Namiji ne ke kuka, kowane nau'i da irin muryarsa, don haka duk kukan da ya fito daga cikin mita 12 da rabi a kowane gefe sai ya shiga littafi. A kowane gida kuma ana rubuta kaurin ganyen ƙasa, da girman bishiyoyi, da yawan hasken da ke shigowa, da nisan ruwa.

Wannan tsantseni yana da dalili. In wani ya yi awa uku a tsohon daji ya yi awa ɗaya a gona, bambancin da zai samu na ƙafarsa ne. Kuma babu hanya guda da ke kama kowa. Ido yana rasa masu zama a saman bishiya, kunne yana rasa mata da nau'o'in da kukansu ba ya nisa. Masu tona ƙasa sai an haƙa rami an binne bokiti, an kafa shingen leda da zai karkato da su su faɗa ciki. Tun 1994 cibiyar Smithsonian ta Amurka ta fitar da littafin da ya daidaita waɗannan hanyoyi, don aikin da aka yi a wata ƙasa ya yi daidai da na wata.

Tambayoyi huɗu da ake yi wa littafin

An dawo daga daji da littafi cike da rubutu. Tambaya ta farko da kowa ke yi ita ce: nau'i nawa aka samu? Ita ce mafi sauƙi, ita ce kuma mafi shiga jarida. Mun riga mun ga yadda ta yi da mu a Gana.

Tambaya ta biyu: yaya aka raba yawan? Bari in ƙirƙiro misali don lissafi kawai. Fili biyu, kowanne an kama kwaɗi 100 na nau'i biyar. A na farko kowane nau'i yana da 20. A na biyu nau'i ɗaya yana da 92, sauran huɗun biyu-biyu. Ta ma'aunin farko filayen daidai suke. Amma a 1949 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Edward Simpson, ya kawo wata dabara: ka rufe ido ka ɗauki kwaɗi biyu, sau nawa za su fito nau'i daban-daban? A fili na farko kimanin sau 80 cikin ɗari, a na biyu kimanin sau 15 kacal. Da Adum ya yi wannan lissafi a filayen da aka sare, sai lambar ta faɗi ƙasa. Nau'o'i sun ƙaru, amma 'yan kaɗan ne suka mamaye wurin.

Tambaya ta uku: su wane ne? A nan zan roƙi ku tuna kasuwar garinku. Shekara talatin baya rumfuna ɗari ne, yau ma ɗari ne. Mai karɓar haraji zai ce ba abin da ya sauya. Amma maƙeri ya tashi, marini ya tashi, dukawa sun tashi, duk rumfunansu sun koma na masu sayar da katin waya da caja. Ka je kasuwar garin da ke gaba, abin da za ka tarar ke nan. Haka kurmi yake yi. Kwaɗin da ke shigowa bayan sara iri ɗaya ne daga Senegal har Kamaru, waɗanda ke fita kuwa kowane daji da nasa. A kan tsaunin Nimba, inda iyakokin Gini da Laberiya da Kwaddibuwa suka haɗu, akwai wani ƙaramin kwaɗo da ba ya yin ƙwai, macen tana ɗaukar ciki kimanin wata tara ta haifi 'ya'ya cikakku. A duk duniya a ciyawar saman wannan tsauni kaɗai yake, kuma tsaunin tama ne da masu haƙar ma'adinai suka daɗe suna aiki a kansa. In ya tafi, burduddugi dubu ba za su cike gurbinsa ba. Don haka masana ke raba awo gida uku, kamar yadda Robert Whittaker ya tsara a 1960: yawan nau'o'in wuri guda, bambancin da ke tsakanin wuri da wuri, da jimillar yankin baki ɗaya. Na farko yana iya hawa alhali na biyu da na uku suna zubewa.

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi zurfi, kuma Tai ne ya fito da ita: wace irin rayuwa ce ta ɓace? Kwaɗin kurmi ba hanya ɗaya suke hayayyafa ba. Wasu a rafi mai gudu, wasu a babban tafki, wasu a ɗan ruwan da ya taru a sawun dabba. Dangin Arthroleptis a cikin ganye mai danshi suke yin ƙwai, ɗan ya fito da siffar babba, bai taɓa shiga ruwa ba. Akwai wani mai suna Phrynobatrachus guineensis da ke neman ɗan kogon bishiya da ya tara ruwa, ko katantanwar da mai ita ya mutu, ya manna ƙwai a bango sama da ruwan. Akwai Acanthixalus sonjae, wanda sai a 2003 aka bayyana shi ga ilimi daga Tai, shi kuma manyan koguna masu ruwa a jikin bishiya yake bi, irin waɗanda ba a samu sai a tsohuwar bishiya.

A 2006 Ernst da Rödel da Eduard Linsenmair suka wallafa kwatancen da suka yi tsakanin Tai da wani daji a Giyana, can Amurka ta Kudu. Nahiya daban, kwaɗi daban, amma amsa ɗaya. Ƙirgen nau'o'i bai nuna ɓarnar sara ba. Da suka karkasa kwaɗin bisa yadda suke rayuwa da hayayyafa, sai giɓin ya bayyana: a dajin da aka sare, rukunoni sukutum sun ɓace. Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu buƙatar ruwa mai ɗorewa don 'ya'yansu. Waɗanda suka jure, akasari waɗanda ba su dogara da irin wannan ruwa ba ne. Wani aikin da Ernst da Rödel suka wallafa a 2005 ya ƙara haske. A tsohon daji ba ka iya duban wuri ka faɗi kwaɗin da za ka samu, domin kusan ko'ina yana karɓar kowa. A dajin da ya sake tsirowa kuwa, yanayin wurin kaɗai ya isa ya gaya maka. Wurin ya yi tsanani har ya zama shi ke zaɓen wanda zai rayu.

Irin wannan ya fito a Barazil ma. Binciken da Carlos Guilherme Becker ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2007, ya duba kurmin gaɓar Atlantika, inda manoma suka share kwari da bakin rafi suka bar daji a kan tudu. Dajin yana nan, rafin yana nan, amma gona ta shiga tsakani. Nau'o'in da dole su gangara rafi su yi ƙwai su ne suka ragu. Wanda ya auna faɗin daji daga hoton tauraron ɗan Adam ba zai ga wannan ba. A ɓarɓashin dazuzzukan da suka rage a kewayen Tai ma, Annika Hillers da abokan aikinta sun nuna a 2008 cewa lalacewar cikin dajin ta fi ƙanƙantarsa ko nisansa tasiri a kan kwaɗi.

Shin daji yana warkewa?

Mu koma Gana. Adum bai tsaya a sabuwar sara ba, ya haɗa da filayen da aka sare shekara 10 da shekara 20 baya. A shekara 10 baƙin da suka shigo sun ja da baya, domin rassa sun sake haɗewa. 'Yan asalin kurmi sun fi jinkirin dawowa, amma a shekara 20 ba a iya bambanta filin da dajin da ba a taɓa ba. Sai dai ku riƙe sharaɗin: bishiya uku kacal aka cire a kowace hekta, kuma akwai lafiyayyen daji a kusa da kwaɗin za su fito daga ciki.

A Tai labarin ya sha bamban. Wani ayari da Tokouaho Flora Kpan ke jagoranta ya koma kan layukan nan na Rödel da Ernst bayan fiye da shekara 15, ya bi su da hanya iri ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2021 ya nuna cewa kimanin shekara 45 bayan sara, an samu farfaɗowa, amma taron kwaɗin bai koma yadda yake a tsohon daji ba. Kwaɗi suna bin bayan daji ne, daji kuma yana bin bayan manyan bishiyoyinsa, babbar bishiya kuwa ba ta girma a rayuwar mutum ɗaya.

Waɗannan sakamako biyu ba su saɓa wa juna ba. Irin daji, da tsananin sara, da abin da aka bari tsaye, su ke yanke tsawon jinya. Abin lura a nan shi ne, da ba a ajiye layukan nan da alamominsu da littattafansu ba, da ba wanda zai iya komawa ya gwada. Yawancin bincike yana kwatanta wuri da wuri ne a lokaci guda, ya ɗauka cewa can baya iri ɗaya suke. Wani lokaci ba haka ba ne: manomi ya zaɓi wurin ne tun farko don ƙasarsa ta fi kyau, mai katako ya zaɓa don ya fi sauƙin shiga. Awo a wuri guda kafin sauyi da bayansa ya fi ƙarfin hujja, amma yana buƙatar haƙuri da wanda zai gaji aikin.

Ramuka uku da ke kan hanyar mai awo

Na farko, rashin gani ba ya nufin babu. Akwai nau'in da sai an yi ruwa mai ƙarfi yake kuka, dare biyu ko uku a shekara. Akwai kuma son kai a cikin ganin kansa: kwaɗo a gonar da aka share ya fi sauƙin hangowa a kan wanda ke cikin duhun kurmi, don haka gona tana iya cin nasarar da ba tata ba. Maganin shi ne a koma wuri ɗaya sau da yawa. A 2002 Darryl MacKenzie da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da ke amfani da maimaita ziyara wajen raba abu biyu, yiwuwar nau'in yana wurin da yiwuwar a gan shi in yana nan, kuma da bayanan kwaɗin Amurka suka gwada shi. Tun 1984 kuma wata masaniyar lissafi 'yar Taiwan, Anne Chao, ta ba mu hanyar ƙiyasta abin da ya kuɓuce mana. A ce ka samu nau'i 20, shida daga ciki sau ɗaya tak ka gan su, uku kuma sau biyu. Ka ninka shida da shida, ka raba da ninki biyu na uku, ka samu shida. Wato aƙalla akwai nau'i 26 a wurin. Muddin waɗanda ka gani sau ɗaya suna da yawa, aikinka bai ƙare ba.

Na biyu, suna. In ka haɗa nau'i biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, ɗaya zai iya ƙarewa littafinka bai nuna ba. A dajin Atewa na Gana, wanda ake ta taƙaddama a kan haƙar ma'adinin boksait a cikinsa, akwai wani kwaɗon rafi da aka daɗe ana ɗauka ɗaya ne da na tsaunukan iyakar Togo. Da aka duba DNA da siffa da kuka, sai a 2021 aka tabbatar nau'i ne mai zaman kansa, aka sa masa suna Conraua sagyimase. Daga ranar, nauyin Atewa a ma'auni ya sauya, alhali ko bishiya ɗaya ba ta ƙaru ba.

Na uku, dogaro da na'ura. Yau ana ɗaure ƙaramin rikoda a bishiya ya kwana yana ɗaukar kuka wata da watanni. Tun 2008, lokacin da aka gano kwaɗon Amurka a tafkunan Faransa ta hanyar DNA ɗin da ya bari a cikin ruwa, ana iya ɗibar ruwan kududdufi a kwalba a san wanda ya shiga. A Ostareliya tun 2017 jama'a ke ɗaukar kukan kwaɗi da wayoyinsu ta manhajar FrogID suna aika wa masana. Duk ci gaba ne. Amma na'ura tana gane abin da aka riga aka koya mata ne kawai. Sai wani ya fara shiga ruwa ya kama kwaɗon, ya ɗauki kukansa, ya ajiye samfurinsa, kafin kwalba ko rikoda su yi amfani.

Abin da ya shafe mu

Ba kurmi gare mu ba a Arewa, amma ƙasarmu ma tana sauya hannu. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya ambaliyar da ke ciyar da dausayin Haɗeja da Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Fadamu sun koma gonakin shinkafa da na noman rani, kududdufan cikin gari ana cike su ana gini. Ga kuma kasuwa: binciken da Meike Mohneke da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya bi sawun busasshen burduddugi da ake kamawa a arewacin Benin da Nijeriya da maƙwabta, ana kai shi kasuwannin kudu maso yammacin Nijeriya da yawan gaske.

Wanda zai auna wannan a wurinmu, lokaci ne babban abokin gabarsa. Kwaɗin sarari da yawa suna binne a ƙasa duk tsawon rani, su fito a ruwan farko mai ƙarfi, su yi ƙwai cikin 'yan kwanaki, su yi shiru. Ɗalibin da ya jira a gama jarrabawa ya fita a watan Agusta zai tarar wasu sun riga sun gama sun koma.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ɗaliban da ke neman batun bincike, ku zaɓi wuri ku kafa layi na dindindin, ku rubuta inda yake daidai, ku bar littafin a sashenku don na bayanku. Ku fita daga ruwan farko, ku maimaita, ku rubuta daren da ba ku ga komai ba kamar yadda kuke rubuta daren da kuka gani. Malamai masu duba aikin, kada ku karɓi jadawalin da ya tsaya a kan "nau'i kaza". Jami'an da ake kawo wa rahoton tasirin aiki a kan muhalli kafin a ba da izinin madatsa ko babbar gona, ku tambayi mai rahoton a wane wata ya fita, dare nawa, da wace hanya, kuma ina jerin sunayen. Masu tsara gona da yankan katako, abin da binciken nan ya nuna a aikace ba shi da wuyar faɗa: a bar ciyayi da bishiyoyin bakin rafi, kada a raba daji da ruwansa, a bar wasu tsofaffin bishiyoyi tsaye, a rage yawan abin da ake cirewa a hekta, a tsawaita lokacin da ke tsakanin sara da sara.

Duk wanda ya kawo muku lamba ya ce kwaɗi sun ƙaru ko ba su ragu ba, ku nemi ya faɗa muku waɗanda suka shigo da waɗanda suka fita, da irin rayuwar da kowannensu yake yi. In ba shi da amsa, ku mayar da shi daji ya ƙarasa aikinsa.